Waɗanne waƙoƙin Miriam Makeba ne suka fi shahara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Iyayenmu suna yawan ambaton Miriam Makeba, mawaƙiyar Afirka ta Kudu da ake yi wa laƙabi da Mama Afirka, wadda ta shafe fiye da shekara hamsin tana waƙa. Don Allah, da wace waƙarta ya kamata in fara?

Amsa ta ɗaya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara da "Pata Pata", waƙar rawa da harshen Xhosa, wadda ta karaɗe duniya bayan da ta sake rera ta a Amurka a 1967. Wannan waƙar ce kuma Makeba ta rera a Italiya a daren 9 ga Nuwamba, 2008, kafin ciwon zuciya ya kama ta, ta rasu.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, Malam, amma a ganina "Soweto Blues" ta 1977 ta fi nauyi. Tsohon mijinta Hugh Masekela ne ya rubuta ta a kan ɗaliban da 'yan sandan gwamnatin wariyar launin fata suka harbe a unguwar Soweto ta Afirka ta Kudu a 1976, ita kuwa ta rera ta tana gudun hijira, domin tun 1960 aka soke fasfonta, har ba ta samu halartar jana'izar mahaifiyarta ba, kuma ba ta koma gida ba sai 1990.

Amsa ta uku: Kada a manta da "Malaika" ta Swahili. Waƙar ta riga ta shahara a Gabashin Afirka, amma muryar Makeba ce ta kai ta nesa.