Aikataun matan Filifin: 'yanci ne ko an gudu ba a tsira ba?

Baban Khalil: Salamu alaikum jama'ar gida. Na sauka Hong Kong jiya, gobe in Allah ya yarda zan wuce Guangzhou. Yau Lahadi na shiga unguwar Central, gani ya kori ji. Mata ne dubbai sun shimfiɗa kwali a ƙasa, ƙarƙashin ginin bankin HSBC da kan gadojin masu tafiya a ƙafa. Wasu na cin abinci, wasu na gyara wa juna farce, wasu na rawa, wasu na cusa kaya a manyan kwalaye za su aika gida. Na tambaya aka ce 'yan aikin gida ne daga Filifin, yau ce ranar hutunsu. Ni dai na ce waɗannan matan sun fi ƙarfin a juya su. Ita ke nema, ita ke aikawa, miji yana can yana jiran alat. Duk mai cewa ci-rani yana tauye mace, ya zo ya gani. Fitar nan ta 'yantar da su.

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Sannu da hanya Yaya. Amma ka tambayi kanka me ya sa a kan kwali suke zaune? Ba su da ɗakin kansu ne a garin. Tun 2003 dokar Hong Kong ta ce dole baƙuwar 'yar aiki ta kwana a gidan da take wa aiki. Rana ɗaya ake ba ta a mako, in ta zauna a gida aiki zai same ta, shi ya sa take fitowa titi. In kuma aka sallame ta, mako biyu gare ta ta bar garin. Wannan ne 'yancin?

Baban Khalil: Ke dai ba kya rasa ta cewa. Mafi ƙarancin albashinsu kusan dala 5,000 ne na Hong Kong a wata, ga ci ga wurin kwana. Ki lissafa da naira ki gani. Har masu digiri da malaman makaranta suna ajiye alli su zo. Wa ya ɗaure su ya kawo?

Malama: Yaya, babu wanda ya ɗaure su, amma akwai wanda ya share musu hanyar, kuma ba don ya 'yanta su ya share ba. A 1974 ne gwamnatin shugaban Filifin Ferdinand Marcos ta yi dokar ƙwadago da ta mayar da tura ma'aikata waje manufar ƙasa. Rashin aikin yi ya yi yawa, ana buƙatar dala, ga ƙasashen Larabawa sun samu kuɗin mai suna neman masu gini. Da farko ma maza ne suka fi tafiya, Saudiyya musamman. An ce na ɗan lokaci ne. A 1982 aka kafa hukuma sukutum mai kula da harkar, POEA, yanzu kuma ma'aikata guda ce da minista.

Mata sun shigo da yawa ne lokacin da matan Hong Kong da Singafo suka fara fita aikin ofis da masana'anta, aka rasa mai raino da girki. Yau a cikin 'yan ƙasar kusan miliyan 2 da ke aikin kwantiragi a waje, mata sun fi rabi. Kuɗin da 'yan Filifin mazauna waje ke aikawa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara, kusan kashi 9 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar. To ka ga akwai wanda tafiyar ta yi wa rana tun kafin a zo kan ita matar.

Kawu: Allah ya yi muku albarka. Ni na zauna da mutanen nan. Lokacin da nake koyarwa a sakandare, wajen 1979 zuwa 1983, akwai malamai 'yan Filifin a makarantun Arewa da dama, suna koyar da lissafi da kimiyya, ga likitoci a asibitoci. Mutane ne masu ladabi da riƙe aiki. Da mutuncinsu suka zo, wasu da iyalinsu. Abin da ba ya kwanta mini a wannan na yanzu shi ne uwa ta bar ɗan shekara biyu ta tafi rainon ɗan wata. Kuɗi ba ya goyo. Ina mazan suke?

Auta: Allah ya ƙara girma Kawu, a yi mini afuwa. Filifin na cikin ƙasashen da suka fi samar da ma'aikatan jirgin ruwa a duniya, kuma kusan duk maza ne. Mutum ya yi wata tara a teku, babu mai cewa ya yar da 'ya'yansa, sai a ce yana nema wa iyali. Mace ta yi irin wannan tafiyar, sai a ce ta bar goyo. Ko Yaya ma da ya kawo zancen ai rabin shekara ba ya gida.

Baban Khalil: Auta, ni kuma me na yi aka sako ni?

Kawu: Uwa daban, uba daban, Auta. Ba ni na tsara haka ba.

Malama: Kawu, tambayar da kuka yi ita ce zuciyar maganar, ina mazan suke. Wata masaniyar zamantakewa 'yar asalin ƙasar, Rhacel Parreñas, ta zauna da iyalan da aka bari a gida. Abin da ta tarar shi ne, in uwa ta tafi, ba kasafai uba ke karɓar girki da wanki da raino ba. Aikin yana komawa kan kaka, ko ƙanwar uwa, ko babbar 'ya mace, ko a ɗauko wata yarinya daga ƙauye a biya ta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai mazan da suke ɗaura ɗamara su riƙe gida, ba a hana su haƙƙinsu ba, amma ba su ne suka fi yawa ba.

To ku bi layin. Matar Hong Kong ta fita ofis, mijinta bai ɗauki tsintsiya ba, aka ɗauko 'yar Filifin. 'Yar Filifin ta bar gida, nata mijin bai ɗauki tsintsiya ba, aka miƙa wa uwarta ko 'yarta. Kuɗi ya canza hannu, wannan gaskiya ne Yaya. Tsintsiyar ce ba ta taɓa barin hannun mace ba, saukowa kawai take daga mai hali zuwa marar hali.

Anti Nas: Wannan na gan shi da idona a nan Riyadh. Akwai abokiyar aikina 'yar Filifin a ɗakin haihuwa, shekararta goma sha ɗaya a nan. In mun tashi daga aikin dare, ni in kwanta, ita ta buɗe waya tana duba wa ƙaramin ɗanta aikin makaranta, tana lissafin kuɗin wuta, tana sasanta faɗan yara. Babbar 'yarta ce ke girki tun tana shekara goma sha uku. Mijin yana gidan fa. Ta taɓa ce mini aiki biyu take, ɗaya ake biyanta.

Amma in faɗi gaskiya ko da za ta taimaki Yaya. Ita ɗin ta ce ba za ta koma ba sai ta gama gininta, kuma filin da sunanta ta saya. Sannan akwai abin da ba ku ambata ba: a Filifin babu saki a doka, sai ga Musulmi, da ke da tasu dokar tun 1977. Raba aure a kotu tsada gare shi da ɗaukar shekaru. Na san waɗanda tafiyar nan ita ce kaɗai ƙofar da suka samu suka rabu da miji mai duka ko mashayi, ba tare da an ce sun kashe aure ba.

Baban Khalil: Yauwa! Allah ya kawo ki hanya. Ai abin da nake faɗa ke nan.

Anti Nas: Ban zo hanyarka ba tukuna. Ita nas ce, tana da kwantiragi da asibiti, da ɗakinta, da ranar hutu. 'Yar aikin gida a ƙarƙashin kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanta a ƙasar, wata duniya ce daban. Igamarta a hannunsa take, sau da yawa har fasfo, in ta gudu a rubuta mata hurub ta zama mai laifi. Kar ka haɗa su a kwando ɗaya.

Baban Khalil: Duk da haka gwamnatinsu tana tsaya musu. A 2006 ta ce kar a biya 'yar aikin gida ƙasa da dalar Amurka 400 a wata, kuma kar ejan ya karɓi kuɗin nema mata aiki. Suna da gidajen fakewa a ofisoshin jakadancinsu. Ku kwatanta da matanmu da ejan ke kwasa zuwa Saudiyya aikatau, in abu ya ɓaci wa za su kira?

Malama: A nan kam na ba ka gaskiya, sun yi mana nisa. Su ne ƙasa ta biyu da ta amince da yarjejeniyar kare 'yan aikin gida ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a 2012. Amma ka duba yadda kariyar ke zuwa. A Maris 1995 Singafo ta rataye wata 'yar aikin gida, Flor Contemplacion, bisa laifin kisa, mutanen Filifin da yawa ba su yarda an yi mata adalci ba, ƙasa ta ɗauki zafi, a shekarar aka yi dokar kare ma'aikatan waje. A 2018 aka tsinci gawar Joanna Demafelis a cikin firiza a wani gida a Kuwait, Shugaba Duterte ya hana tura ma'aikata can, bayan 'yan watanni aka sa hannu a yarjejeniya aka buɗe. A Janairu 2023 aka sake tsintar gawar Jullebee Ranara a hamadar Kuwait ɗin. Sai an ga gawa ake tashi tsaye, in ƙura ta lafa a ci gaba, don ba a iya rufe famfon dala.

Tun 1988 shugabar Filifin Corazon Aquino ta je Hong Kong ɗin nan da kake, ta kira 'yan aikin gidan nan sababbin jarumai. Kirari ne mai daɗi. Sai ga shi a 2013 kotun ƙolin Hong Kong ta yanke cewa 'yar aikin gida ba ta da damar zama ta dindindin ko ta shekara nawa, alhali wasu baƙin ma'aikata shekara bakwai suke yi su nema. Wadda ta kai ƙarar, Evangeline Vallejos, ta haura shekara ashirin tana aiki a garin.

Auta: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kawu: To ni abin da na ji duk bai rushe maganata ba. Da ƙasar ta samar da aiki a gida, da babu wannan.

Malama: Haka ne Kawu. Inda muka rabu shi ne, ku laifin tafiyar kuke gani, ni kuma ina ganin laifin wanda aka bari a gida ya naɗe hannu.

Baban Khalil: Ni dai ban janye ba. Matar da ke da kuɗinta ba ɗaya take da wadda ba ta da shi ba, ku tambayi kowace mace a gidan nan. Kuma na ga fuskokinsu yau, dariya suke.

Anti Nas: Ban musa ba. Yaya, tambaya ɗaya kafin in tafi aiki. Matar nan da ke yi wa Maman Khalil aiki tun da ta koma koyarwa, na ji an ce tana da yara uku. Wa ke riƙe mata su?

Baban Khalil: Suna ƙauye wajen kakarsu. Babbar ce ke taimaka mata.

Anti Nas: Shekararta nawa?

Baban Khalil: Sai na tambayi Maman Khalil.