Me ya sa na'urar MS/MS ke auna nauyi sau biyu? Tambaya kan aflatoksin a gyaɗa da ƙuli-ƙuli

Habsatu

Assalamu alaikum malamaina. Ina shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai nan Damagaram. Aikin da aka ba ni shi ne auna aflatoksin, wato gubar da funfuna ke yi, a gyaɗa da ƙuli-ƙulin da ake kawowa daga wajen Magarya da Matamai, kuma za a aika samfurin wani labo mai na'urar LC-MS/MS, mai rarraba sinadaran samfur sannan ta auna nauyinsu sau biyu. A takardar da suka turo an rubuta "B1: 313 > 285 da 313 > 241". Daga ina waɗannan lambobi suka fito? In dai na'urar tana auna nauyi, me ya hana aunawa ɗaya ta wadatar? Kuma me ya rage gare ni in kiyaye tunda ba ni zan taɓa na'urar ba?

Malam Laminu

Wa alaikumus salam Habsatu. Fara riƙe wannan: na'urar ba ta ganin sinadari sai ya ɗauki caji ya zama iyon, kuma abin da take aunawa shi ne nauyin iyon ɗin a raba da yawan cajinsa, wanda ake rubutawa m/z. Aflatoksin B1 shi ne C17H12O6, nauyinsa 312. Ruwan da ya fito daga kolon, wato siririn bututun da ke rarraba sinadaran samfur kowanne ya fito a lokacinsa, yana bi ta wata siririyar allura da aka ɗora wa volt 3000 zuwa 4500, ya fita feshi-feshi, iskar azot mai zafi ta busar da ɗigon, ƙwayar B1 ta kama proton guda. 312 da 1, ga 313 ɗinki. Wannan hanyar feshi ita ta sa John Fenn ya samu kyautar Nobel a 2002.

To amma 313 ba na B1 kaɗai ba ne. Ki tsaya tsakiyar kasuwar Dole ki kira "Musa", ki ga mutum nawa za su waiwayo. Sai kin haɗa da sunan uba kafin ki san wanda kike nema. Haka ruwan gyaɗa yake, cike da mai da launi da wasu sinadarai, ba a rasa mai nauyin 313 ko kusa da shi a ciki. Aunawa ta biyu ita ce tambayar sunan uba.

Cikin na'urar akwai sassa uku a jere, kowanne da sandunan ƙarfe huɗu, shi ya sa ake ce musu kwadrupol. A na farko, Q1, ana ɗora wa sandunan wuta iri biyu, mai juyawa da sauri da kuma tsayayya. Da wannan haɗi, iyon mai nauyin da aka zaɓa kaɗai ke iya ratsa tsakanin sandunan har ƙarshe, saura su yi tangal-tangal su bugi ƙarfe su mutu. Faɗin wannan ƙofa kusan 0,7 ne a ma'aunin m/z. Sashe na biyu ɗakin karo ne. Shi ba ya tacewa, riƙe iyon kawai yake kada su watse. Ana sakar masa argon ko azot kaɗan, a tura iyon 313 da ƙarfin eV 20 zuwa 40 (eV shi ne ma'aunin ƙarfin karon), ya yi ta cin karo da ƙwayoyin iskar har ya karye. Kuma ba karyewar banza yake ba, a inda haɗinsa ke da rauni yake karyewa, kullum a wurare iri ɗaya. B1 yakan yar da karbon guda da oksijen guda, 12 da 16, wato 28. Cire 28 daga 313, saura 285. In aka ƙara ƙarfin karon zuwa wajen eV 40 sai gutsuren 241 ya yawaita. Sashe na uku, Q3, tacewa yake kamar na farko, yana barin 285 ya wuce zuwa wurin ƙirga, bayan ƙiftawar ido ya koma 241. Richard Yost da Christie Enke ne suka fito da wannan jeri a jami'ar jihar Michigan ta Amurka a 1978.

Ga misalin da ya fi kowanne nuna amfaninsa. Aflatoksin G1 na gyaɗa da M1 da ake samu a nonon dabbar da ta ci gurɓataccen abinci, duka biyun C17H12O7 ne, duka 329 suke bayarwa. Ko na'urarki ta iya raba gashi ba za ta bambance su da nauyi ba. Amma in suka shiga ɗakin karo, G1 ana bin sa da 243, M1 da 273.

Gutsure biyu ake bi saboda ɗaya na lissafin yawa ne, ɗaya na shaida. Kowane gutsure yana fitowa ne a matsayin tsini a hoton da na'urar ke zanawa. A ce a tsabtataccen B1 girman tsinin 241 kashi 60 ne cikin 100 na tsinin 285. A samfurinki dole rabon ya faɗo kusa da nan. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta yarda da bambancin kashi 30 na wannan rabo sama ko ƙasa, wato tsakanin 42 da 78, kuma lokacin fitowa daga kolon kada ya kauce da fiye da minti 0,1. In ya fita daga nan, wani abu ne ya lafe a jikin tsinin, ba a rubuta shi a matsayin B1.

Na'urar tana iya wasu ayyukan, kamar a tsayar da Q1 a kan nauyi ɗaya a bar Q3 ya share duk gutsattsarin, wanda da haka ake fara gano 285 da 241 ɗin. Amma aikinki bai wuce wannan na sama ba, sunansa MRM.

Malama Zainabu

Malam Laminu ya gama da cikin na'ura. Ni tambayarki ta uku ce ta fi damuna, ƴata, don a nan aikin ɗalibai ya fi lalacewa, kuma na'ura ba ta gyara shi.

Aflatoksin ba ya bazuwa daidai cikin buhu. Funfunar da ke yin sa, Aspergillus flavus da Aspergillus parasiticus, takan kama ƙwaya ɗaya ta bar ɗari lafiya, kuma wannan ƙwaya ɗayar tana iya ɗauke da gubar da za ta ɓata lissafin buhu duka. In kika cika tafin hannu daga bakin buhu, sa'arki kika auna, ba gyaɗar ba. Shi ya sa ƙa'idar Codex ta sa samfurin kilo 20 ga babban kaya, a ɗebo shi kaɗan-kaɗan daga wurare masu yawa. Ke ba za ki sayi kilo 20 a wurin kowace mai tiya ba, na sani. Amma ki ɗebi sama da tsakiya da ƙasa, ki rubuta nauyin abin da kika ɗiba, ki niƙa shi DUKA, ki gauraya sosai, sannan ki cire giram 25. Wanda ya cire 25 ɗin kafin niƙa ya yi aikin baban giwa. Ki wanke injin niƙan tsakanin samfur da samfur.

Cirewa: giram 25 a mililita 100 na metanol da ruwa, 80 da 20, a girgiza rabin awa ko a markaɗa minti 3, a tace. Ki yi lissafin da kanki don ki san abin da ake nema. Iyakar Tarayyar Turai ga gyaɗar da za a ci kai tsaye mikrogiram 2 ne na B1 a kilo, 4 ga jimlar B1, B2, G1 da G2. Mikrogiram 2 ɗin nan, a ruwan da kika cire, nanogiram 0,5 ne a mililita. A sirka shi sau biyar, ya koma 0,1. A tura mikrolita 5 cikin kolon, abin da ya shiga pikogiram 0,5 ne. To a wannan ƙanƙanta kowane sakaci yana fitowa fili.

Babban abin da ke yaudara shi ne danniya a wurin feshi. Ɗigon ruwan nan cajinsa da fuskarsa ƙayyadaddu ne. In mai ko gishiri ya fito daga kolon lokaci ɗaya da B1, sai su yi ta kokawar caji, B1 ya samu kaɗan. Q1 da Q3 ba su da labari, don abin ya faru tun kafin a iso gare su. Tsini zai fito tsaf, rabon gutsure daidai, amma adadin ya ragu. Ana gane shi haka: a zuba B1 adadi ɗaya a tsabtataccen ruwan narkarwa da kuma a ruwan gyaɗar da aka tabbatar ba ta da guba, a kwatanta. In na biyu ya ba da 60 inda na farko ya ba da 100, danniya ta cinye 40.

Kuma kada a yi wa ƙuli-ƙuli awo da layin gwajin ɗanyar gyaɗa, wato jerin sanannun adadin B1 da ake kwatanta samfur da su. An matse mansa, an soya shi, an sa gishiri, wani da yaji. Gubar kuwa yawancinta a tunkuza take zama ba ta bin mai, suya ma ba ta gamawa da ita. Kowanne da nasa gwajin danniya.

Habsatu

Na gode Malam, na gode Malama, Allah ya ƙara sani. To wannan danniya, yaya ake maganinta? A takardar na ga wani layi "330 > 301" ban gane shi ba.

Malama Zainabu

Wannan layin shi ne maganin. B1 ne da aka maye karbon ɗinsa duka 17 da karbon 13, sai nauyi ya ƙaru da 17, ya zama 330. Gutsuren da yake yarwa ma ya zama 29 maimakon 28, shi ya sa 301. Halinsa ɗaya da B1, tare suke fitowa daga kolon, abin da ya danne wannan ya danne wancan daidai wa daida. Sai a yi lissafi da rabon tsininsu. Yana da tsada, don haka yawanci a ƴar kwalbar ƙarshe ake ɗiga shi. In babu shi, ko a haɗa layin gwaji cikin ruwan gyaɗa marar guba, ko a bi da samfurin ta ƙaramin kolon mai ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cafke aflatoksin kaɗai. Mai bin wannan hanya ya wanke kolon ɗin da ruwa sosai kafin ya sauko da gubar da metanol, don gishirin fosfat ɗin da ke cikin ruwan da ake sirka samfurin da shi ba ya tashi da zafi, farin ɓawo yake yi a bakin na'ura ya toshe ta.

Malam Laminu

Ƙari ɗaya a kan maganar Malama. Ɗiga 330 a kwalbar ƙarshe danniya kawai yake gyarawa. Abin da ya maƙale a dusar gyaɗa ko a takardar tacewa bai san da shi ba. Don haka a kowane zagaye a ɗauki garin gyaɗa marar guba, a zuba masa sanannen adadi tun kafin cirewa, a ga nawa ya dawo. In abin da ke dawowa bai kai kashi 70 ba, a koma a duba cirewar.

Sai gishirin ƙuli-ƙuli. Sodiyum yana son B1. In ya yi yawa, maimakon proton sai ƙwayar ta kama sodiyum ta zama 335, Q1 kuwa 313 aka ce ya bari. Kuma 335 ba ya karyewa da kyau a ɗakin karo. Shi ya sa ake sa amoniyum format milimol 5 a lita da asid formik kashi 0,1 cikin ruwan kolon, kuma ake karkatar da abin da ya fito a minti ɗaya ko biyu na farko zuwa kwalbar shara, lokacin da gishiri ke wucewa.

Malam Issufu

Ni ɓangaren gyara zan taɓa, don kowa a nan yana fatan ganin irin wannan na'ura kusa da gida, kuma sayenta shi ne mafi sauƙin lamarin. Cikinta dole a zuƙe iska kusan ƙaf, in ba haka ba iyon ba ya kai ƙarshen sanduna. Famfo biyu ke wannan aiki, ɗaya a ƙasa mai mai, ɗaya a ciki mai fukafukai da ke juyi dubbai goma-goma a minti, kuma dare da rana ba a kashe su. In wuta ta ɗauke ba shiri, iska ta koma ciki, wani lokaci da tururin mai, sai a kwana ana zuƙewa, a sake daidaita ma'aunin nauyi. In abin ya yi ta maimaituwa famfon ciki ne ke tafiya. Gurup kaɗai bai isa ba, sakan ɗin da yake ɗauka kafin ya tashi ya wadatar a yi ɓarna. Sai da ondiler, wato na'urar batir mai riƙe wuta, irin wanda wuta ke ratsa shi kullum, ba mai jira a ɗauke ba.

Zafin Afrilu da Mayu namu yana haura 40, na'urar kuwa tana son ɗaki wajen 20 zuwa 25, kuma kada ya riƙa hawa da sauka, don wutar sanduna tana motsi da zafi, ƙofar 313 ta ɗan goce, tsini ya rage ba a san dalili ba. Kilim biyu, in ɗaya ya tsaya ɗaya ya riƙe. Ƙurar hunturu kuma injin azot take fara kamawa, shi da ke shaƙar iskar ɗaki yana ba da lita gommai a minti. Matatarsa in ta cika, matsin iska ya faɗi, feshi ya daina bushewa.

Malama Zainabu

Habsatu, wajen aikawa: garin ya bushe, a leda mai kauri biyu, cikin abin da haske ba ya ratsawa, a firigo har ranar tafiya. Danshi da zafin bayan mota suna iya tayar da funfuna a hanya, haske kuma yana cin gubar. Gari za ki aika ba ruwan cirewa ba. Ki sa safar hannu da abin rufe hanci wajen niƙa, kayan aiki a jiƙa su a ruwan javel kafin wanki, B1 yana jawo kansar hanta. Ki raba samfur ɗaya gida biyu da lamba daban-daban ba tare da kin gaya wa labo ba. Kuma kada ki karɓi lamba tsirara: ki ce su haɗo miki hoton tsinin gutsure biyun na kowane samfur, da layin gwaji, da adadin da ya dawo a garin da aka zuba wa guba, da mafi ƙarancin abin da suke iya aunawa a gyaɗa da kuma a ƙuli-ƙuli. A kolon C18, G2 ke fara fitowa, sai G1, sai B2, B1 a ƙarshe. In kika ga jerin ya saɓa a hoton, ki tambaya kafin ki rubuta komai.