Neman kalma: gwajin "molekula" mai gano ƙwayar cuta a jinin masu ciwon daji

Mai fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shirin lafiya, kalma ɗaya ta tsaya mini. Me za mu kira gwajin "molekula" da ke gano ƙwayar cutar da ta shiga jinin mai ciwon daji cikin 'yan sa'o'i? Na rubuta "gwajin ƙwayar halitta", sai na ga a jimla ɗaya akwai ƙwayar cuta, ƙwayar jini, ƙwayar magani, ga kuma wannan. Mai sauraro zai rikice.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Fara da tsohuwar hanyar tukuna. Muna zuba jini a kwalba, mu sa a na'ura mai ɗumi, mu jira ƙwayar ta hayayyafa. Yakan ɗauki kwana 1 zuwa 2, wani lokaci sai an yi kwana 5 kafin a ce babu komai. Bayan haka a ƙara wasu kwanaki ana neman sunanta da maganin da ke jinta. Ni "reno" nake ce wa wannan. Sabon kuwa, irin su PCR, DNA ɗin ƙwayar, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan halittarta, yake nema ya ninninka shi har ya bayyana. Daga kwalbar da ta riga ta nuna alama, wajen sa'a 1 ya isa.

Malamin Hausa: To ai an gama. "Ganau". Gwajin ganau. Hausa ta ce ganau ne ba jiyau ba, kuma ginin kalmar namu ne tsaf.

Likita: Kafin a zaɓa, a riƙe dalilin gaggawar. Kemo, wato magungunan kashe ciwon daji, yana karya fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Idan nau'in da ake kira niyutrofil ya sauka ƙasa da 500 a maikrolita (ɗan mitsitsin ɗigo) na jini, zazzaɓi kuma ya kai digiri 38.3, cikin sa'a guda muke son a fara magani. Ba ma jiran sakamako, antibayotik mai kashe ƙwayoyin cuta iri-iri muke bayarwa. Amfanin gwajin shi ne mu san da wuri wace ƙwayar cuta ce, ko E. coli ce, ko Klebsiella, ko Pseudomonas, ko ma Candida wadda antibayotik ba ya taɓawa, mu gyara maganin. Don Allah kada kalmar ta sa mutane su ɗauka sai an yi gwajin ake fara jinya.

Dattijo: "Kemo", "antibayotik", "maikrolita". Wannan Hausa ce? Ku da kuka yi karatu ku ne kuke binne harshen. Ga "zarra" nan a littattafanmu tun kakanni, a ce "gwajin zarra".

Likita: Ranka ya daɗe, zarra ma daga Larabci muka aro ta.

Dattijo: Aron da ya kwana ɗaruruwan shekaru a gida ya zama ɗan gida. Naku na jiya ne. Kuna jin kunyar Hausa a gaban Turanci, shi ne gaskiyar maganar.

Likita: Baba, da Hausa nake yi wa marasa lafiya bayani kullum, wasu a cikin mawuyacin hali. Kalmar da za su gane nan take ita ce tawa. Wannan zargin ya yi mini ciwo.

Malamin Hausa: Ku dawo kan ganau. Gajeriya ce, tana da daɗin faɗa a rediyo.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Malam, kalmar ta yi kyau, amma ta yi alƙawarin da gwajin ba zai cika ba. Ba ya ganin ƙwayar da ranta. Ko ta mutu bayan an sha magani, DNA ɗinta na iya saura a jini, ya nuna. Kuma abin da aka tsara masa kawai yake nema, wadda ba ta cikin jerinsa sai ta wuce shi. Yana gano wasu alamun bijirewa magani kamar mecA da KPC, amma cikakken bayani sai reno. Abin da yake yi bin sawu ne. Sawu yana gaya maka wace dabba ce ta wuce, ba ya gaya maka tana nan ko ta tafi.

Likita: "Gwajin sawun ƙwayar cuta". Na yarda. Zarra kuma a makaranta atam ake nufi da ita, mai ciwon daji zai ɗauka gashin haske, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, ake magana.

Malamin Hausa: Ya yi tsawo. Ni a ajina ganau zan riƙa cewa.

Dattijo: Sawu dai Hausa ce, ban hana ba. Amma a cire "kemo".

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Zan ce "gwajin sawu" da "gwajin reno", in faɗi PCR sau ɗaya don wanda zai gan shi a takardar asibiti. Baba, me zan sa a madadin kemo? Sai ƙarfe 7 zan shiga ɗakin naɗi.

Dattijo: Bari in yi tunani.