Sienna ta tana yoyon man giya ta ƙasa, an sa gam amma bai daina ba

Dan_Kofar_Sauri:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar mota a taimaka mani da shawara. Ina da Sienna 2005 mai injin 3.3, da ita nike lodin Katsina zuwa Kano, wani lokacin Daura in an samu shata. To kwanan nan duk inda ta kwana sai in tarar da jan mai a ƙasa ta ɓangaren direba, ba dai da yawa ba amma kullum sai ya ɗiga, na kai gareji yaron ya shiga ƙasa yace botom filet ɗin giya ne, wato farantin ƙasan giya da mai ke taruwa a ciki, ya ƙara ɗaure notikan da ƙarfi yace shikenan, wlh sai ma abin ya ƙaru. Na koma ya kwance ya shafa jan gam ya maida, ba a daɗe ba ya dawo yana tsattsafowa ta gefe. Yanzu da safe in na sa D, wato giyar tafiya gaba, sai ta ɗan yi jinkiri kafin ta kama, shi ne ya tada mani hankali don giyar Sienna ba ƙaramin kuɗi ba ce kuma da motar nan nike ciyar da gida. Wani yace in sayi wani filet ɗin Beljiyam, wani yace in zuba maganin tsaida yoyo. Mi ya kamata in yi?

Bakaniken_Daura:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai ka auna mai yau ɗin nan, kar ka ɗauki lodi sai ka auna, don jinkirin nan da take yi kafin ta kama D yawanci alamar mai ya yi ƙasa ne, kuma tafiya da ƙarancin mai ita ke ƙona kulocin cikin giya. Ba kamar baƙin mai ake aunawa ba, sai mota ta yi zafi, ka tsaya a wuri mai daidai ba gangare ba, injin yana sulo, ka taka birki ka zagaya da giya tun daga P har ƙasa ka dawo P, sannan ka zaro geji ka goge ka maida ka sake zarowa, man ya tsaya a wurin da aka rubuta HOT.

Sannan ni ban yarda filet ne ba sai an wanke. Duk man da ya zubo daga sama a bakin filet yake taruwa ya ɗiga, shi ya sa ake ɗora mashi laifin da ba nashi ba. A Sienna irin taka man sitiyari ma ja ne, kuma tiyonshi yana yawan yoyo in mota ta tsufa, ga sil na shaf ɗin direba yana sama da filet ɗin kaɗan, ga tiyo biyu da ke kai man giya lagireto su dawo. Ka kai a wanke ƙasan tas ya bushe, ka barbaɗa hoda irin ta jarirai a zagayen wurin, ka ɗan zaga gari ka dawo a hau rami a haska fitila, inda hodar ta fara jiƙewa daga can sama to nan ne asalin ciwon.

In kuma ya tabbata filet ne, to ɗaurin da yaron nan ya yi shi ya ƙara ɓata aikin. Filet ɗin ƙarfe ne marar kauri, notikanshi ƙanana ne masu kan sifana 10, guda 18, kuma ɗaurin da Toyota ta ce a yi masu bai wuce kimanin 8 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ba, wato da hannu ɗaya ka riƙe sifana kusa da kai ya isa. In aka danne da ƙarfi bakin kowane rami sai ya lotsa ya turo sama, ya yanka gasket (shimfiɗar da ke tsakanin filet da giya mai hana yoyo) a wurin noti, tsakanin noti da noti kuma ya bar ƙofa, kaga mai ya samu hanya. Gyaranshi a sauke filet a kankare tsohon gam ɗin nan gaba ɗaya har na jikin giya, amma a jikin giya kar a sa sukundireba ko wuƙa don alminiyam ne yana karcewa, a sa abu na roba. A kifa bakin filet kan ƙarfe mai santsi a duba, ramukan da suka turo a bubbuga su da ƙaramar guduma su koma daidai. A wanke da fetur ya bushe ƙayau, a sa sabon gasket, a ɗaura notikan duka da hannu tukuna sannan a bi su ɗaya nan ɗaya can tsallake-tsallake, zagaye biyu ko uku a hankali. Wasu notikan suna ɓoye saman ƙarfen da ke ɗauke da injin, nan yara ke yin ha'inci su bar su sako-sako ko su sa su a karkace, sai an sassauta mawuntin an ɗan ɗaga giyar da jak da katako sannan hannu ke shiga da kyau. Ka tsaya a kai lokacin da ake wannan.

Baba_Mai_Sharon:

Oga na Daura ya yi bayani Allah ya saka. Amma ni fa inaga gam ba laifi ba ne, mu tun muna jan Peugeot da gam ake mana aiki kuma muna zuwa Jibiya mu dawo lafiya lau, gasket ɗin kasuwa na yanzu wani kamar kwali yake. Ɗana abin da zan ƙara maka ka duba ko ka daki wani abu, tudun rage gudun nan da ake zubawa cikin garuruwa a hanyar Kano in mota ta yi lodi ƙasanta na taɓawa, filet in ya lanƙwashe ko ya tsage ba gasket ɗin da zai riƙe shi. Ka kuma duba notin juye mai da wasarshi, wato zoben da ke ƙarƙashin notin, sau da yawa wasa ce kawai ta mutu.

Bakaniken_Daura:

Baba ranka ya daɗe maganar duka da ta wasa gaskiya ce, na ma gode da ka tuna mani. Amma ta gam ina neman afuwa, waccan giyar hannu ce, baƙin ƙarfe da haƙora kawai, ko gam ya faɗa ciki ba ruwanta. Otomatik tana da ƙananan hanyoyin mai da bawul-bawul a saman filet ɗin nan daidai, gam in aka cika shi rabin yana matsewa waje rabin ciki, na cikin ya gutsure ya toshe filta ko ya maƙale a bawul, sai kaji mota ta fara fizga. Akwai giyoyin da kamfani da kanshi gam ya sa masu, amma wannan da gasket ta zo, kuma in aka haɗa gam da gasket santsi yake sa shi ya zame ya fito gefe. In na kasuwa ne ba ka yarda da shi ba a nemo mai kyau ko da aike za a yi Kofar Ruwa a Kano, kuɗinshi bai kai na man da ake zubarwa ba.

Injiniya_Mashi:

Slm. Ni maganar mai zan yi don nan ake kashe giyar Sienna da yawa a garin nan. Ta 2004 zuwa 2006 man giya samfurin T-IV take sha, yawanci ma an rubuta a jikin gejin, daga baya ne Toyota ta koma wani samfurin mai da ake kira WS, kuma daga 2011 masu giya 6 ba su da gejin ma sam. Kar ka yarda a zuba maka duk wani jan mai a ce ai duk ATF ne, wato man giyar otomatik, ba ɗaya ba ne, kuma jabu ya yi yawa ka sayi mai sil a wurin wanda ka sani. In an sauke filet abin da ke fita wajen lita 3 da rabi zuwa 4 ne, sauran yana cikin kwanbata da ke haɗa injin da giya, don haka ka tara wanda ya fito a galan ka auna, ka maida kwatankwacinshi sannan ka cike da geji, cikawa fiye da ƙima ma matsala ce don kumfa yake yi. Tunda an buɗe a canza filta da zoben robanta gaba ɗaya. Akwai maganaɗisu a cikin filet, in ka ga baƙin gari mai laushi a jiki wannan ba komai a wanke a maida wurinsu, in kuma ɓarɓashin ƙarfe ne mai ƙyalli ko man ya yi baƙi yana warin ƙuna to maganar ta wuce yoyo. Maganin tsaida yoyo kuwa ka rabu da shi, kumbura roba yake, ba ya miƙe ƙarfen da ya lotsa.

Dan_Kofar_Sauri:

Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na auna yadda Oga yace, man yana ƙasa da alamar sosai, na cika da T-IV kuma jinkirin ya ragu, man dai ja ne ba ya wari. An wanke mun sa hoda, sil ɗin shaf a bushe yake, bakin filet ne ta baya wajen notikan da ke ɓoye. Amma Oga akwai noti ɗaya da yaron yace yana juyawa ba ya kamawa, shi kuma ya za a yi da shi?

Bakaniken_Daura:

To Malam zaren ramin ne ya cinye, ɗaurin nan ne ya jawo. Kar a tura mashi babban noti da ƙarfi, jikin giya zai iya tsagewa. Ka kai wa masu dirili su sa mashi zaren ƙarfe na ciki daidai girman notin asali, M6 ne, a toshe wurin da tsumma mai tsabta kar garin alminiyam ya shiga giya. A yi shi rana ɗaya da canjin gasket ɗin tunda filet yana ƙasa, kafin nan kuma kullum ka auna mai kafin ka shiga layi.