Neman taimako kan kwatanta sabara da zomon daji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibi ne ni a Sakkwato, malaminmu ya ce in kwatanta barazanar ƙarewa tsakanin sabara da zomon daji, aikin kuma ya cije.

Jadawalin IUCN, wato ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, ya sa zomon dajinmu cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, amma mafarautan ƙauyenmu sun ce yanzu sai an sha tafiya kafin a ga ɗaya. Zomon Turai kuwa, tun 2019 yana sahun masu fuskantar ƙarewa saboda cututtuka a Sifen da Fotugal, alhali a Ostareliya yawansa ya zama annoba. Ita sabara kullum sararta ake don itace da magani, tana sake tohowa.

Da wane ma'auni zan kwatanta su, na duniya ko abin da muke gani a nan? Don Allah malamai ku taimaka.