Tambaya kan lokutan kunna injin sanyaya gini ta turakun harsashi

Ɗalibi: Assalamu alaikum, malamaina. Ina nazari ne kan turakun kankare da ake kafawa a harsashin manyan gine-gine tare da bututun roba a cikinsu, inda ruwa ke zagayawa yana kai zafin gini cikin ƙasa. Shin barin injin yana aiki dare da rana ya fi, ko kuwa a riƙa kashe shi na wasu sa'o'i?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙasa ba ta saurin watsa zafi, don haka idan ana tura mata shi babu ƙaƙƙautawa, wadda ke manne da turken takan ɗumama har ruwan ya dawo kusan yadda ya tafi, injin kuma ya ƙara cin wuta. Idan aka kashe shi da dare, zafin yakan samu damar bazuwa nesa, washegari turken ya karɓi zafi da yawa a kowace mita ta tsawonsa. Gwajin da aka yi a Jami'ar Monash ta Ostireliya, inda aka kwatanta aikin sa'o'i 8 da 16 da 24 wajen janyo zafi daga ƙasa, ya nuna amfanin wannan hutu. Ofishin da ake tashi da yamma ya dace da tsarin.

Malama: Ina da ƙari a kan bayanin Injiniya, domin turken nan shi ne ke ɗauke da ginin. Kankare yana miƙewa idan ya yi zafi, ya kuma tsuke idan ya huce: turke mai tsawon mita 20 zai ƙaru da kimanin milimita 2 idan zafinsa ya hau da digiri 10. Tun da ƙasa da nauyin gini sun danne shi, wani ɓangare na miƙewar yakan koma matsi a jikinsa, kamar yadda aka auna a birnin Lausanne na ƙasar Switzerland da Kwalejin Lambeth ta Landan. Kunnawa da kashewa kullum na maimaita wannan motsi, kuma a ƙasa mai taushi dole a duba ko turken zai riƙa nitsewa sannu a hankali.

Injiniya: Haka ne, Malama. Sai dai abin da ya fi damuna shi ne lissafin shekara. A filin jirgin saman Zurich na ƙasar Switzerland, ana ɗebo zafi daga ƙasa ta irin waɗannan turaku da hunturu, a mayar mata da shi a lokacin bazara. Inda sanyaya gini kaɗai ake buƙata, hutun dare ba zai hana zafi taruwa shekara bayan shekara ba, sai an haɗa da wata hanyar fitar da shi, kamar dafa ruwan wanka.