Banɗaki ko daɓe: wanne za a fara a bakin teku?

Injiniya: Salamu alaikum jama'a. Kuɗin da kwamiti ya samu don gyaran matsayar kwale-kwale ta wajen Chorkor a birnin Accra ba zai ɗauki banɗaki da daɓe gaba ɗaya ba. Ni dai a fara da daɓe, don kowa na taka shi, motar ƙanƙara ma nan take kafewa in an yi ruwa. Banɗakin a shafa masa fenti, a sauya ƙofofi, ya jira baɗi.

Malam Mai Famfo: Wa alaikumus salam. Injiniya, ban yarda ba. Bututun banɗakin ta ƙarƙashin filin da za ka daɓe ya bi. Tsohon bututun ƙarfe ne, gishiri ya cinye shi. Ka daɓe bana, baɗi ka fasa, kuɗi biyu ke nan. A fara tono, a sa bututun roba mai inci 4, a ba shi gangara, kowace mita 1 ya sauka kamar santimita 2. In gangaran ya gaza ƙazanta ta kwanta ta toshe. Duk inda ya yi kwana a gina masa akwatin duba mai murfi.

Injiniya: To ai sai a sa ƙaramar tankin nan mai narkar da ƙazanta, irin wadda ta cika gidajen Nima da Mamobi. Ba ta da tsada, ba ta son dogon bututu.

Malam Mai Famfo: Waccan ta gida ce, ta mutum goma ko ashirin. Nan kuwa masunta da masu saye da 'yan dako ne tun asuba, mu kuma da buta muke tsarki, ruwa ya yi mata yawa. Ga babbar matsalar: a bakin teku ruwan ƙasa na kusa, ramin tsotse ba ya tsotsa, a watan Yuni sai ya dawo da abin sama. Abin da zai yi shi ne tankin kankare rufaffe wanda ba ya yoyo, motar kwasa ta riƙa ɗauka zuwa matatar ƙazanta ta Lavender Hill, ga ta nan kusa. Kuɗin ƙofa ya biya motar.

Baba Magini: Malam ya yi gaskiya, amma ku kula da tankin. Kada a kwaɓa siminti da yashin teku ko da kyauta ne, gishirinsa zai sa rodi tsatsa, kankare ya tsage. Rodi ya sami rufin kankare santimita 5. A yi tankin da nauyi kuma, don in an kwashe shi ruwan ƙasa na iya ɗaga shi.

Hajiya Mai Kifi: Baba, ku ƙara da namu. Matan da ke kyafa kifi suna wuni a wurin. A raba ɓangaren mata da ƙofarsa daban, da sakata mai aiki, da fitila. Famfo ba kullum yake kawo ruwa ba, in babu tankin ruwa a sama, sati ɗaya wurin ya koma yadda yake. Kuma a sa na tsuguno, na zama ba ya daɗewa a hannun jama'a.

Injiniya: Na ji, Hajiya. Motar kwasar fa, ta ina za ta shiga cikin taɓo?

Baba Magini: Nan kai ma kana da gaskiya. A daɓe hanyar mota kaɗai, faɗin mita 4, daga titi zuwa tanki. Jar ƙasa santimita 15 a danne ta da inji, yashi santimita 3, sai bulon daɓe mai kaurin milimita 80, don mai 60 na masu tafiya a ƙasa ne, taya za ta farfasa shi. A kafa bakin kankare gefe da gefe kada bulo ya baje, a karkata shi kaɗan ruwa ya gangara gota. Bulo ya fi zubin kankare a nan, in bututu ya sami matsala a ɗaga a mayar.

Injiniya: Sauran filin ke nan sai tsakuwa bana. Baba, a auna tsawon hanyar gobe in Allah ya kai mu, a san yawan bulon kafin a tafi wajen masu bugawa.